Neman shawara: hular fitila ta katako nake yi wa ɗiyata, bakin zarto sai karyewa yake

Malamin Ƙofar Marusa, Lahadi, 9:40 na dare

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni.

Ni malamin firamare ne a nan cikin garin Katsina, ba kafinta ba. Ɗan abin da na sani na katako na tsinto shi ne tun ina yaro a rumfar ƙanen mahaifina, inda nake riƙe mashi katako yana yanka, in share dusa, in miƙe lanƙwasassun ƙusoshi. Wata huɗu da suka wuce na sayi wani ƙaramin injin zarto ɗan gwanjo, irin wanda ake ɗorawa kan tebur. Bakinsa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki. Wanda ya sayar mani ya ce sikirol so ake ce mashi. A jikinsa an rubuta wat 120, yana da wurin ƙara gudu da ragewa, kuma daga bakin zuwa ƙarshen wuyansa inci 16 ne.

Ɗiyata ta fari za a kai ɗaki bayan Babbar Sallah, saura mako bakwai. Gado da katifa da kujeru da kayan kicin, ni da mahaifiyarta mun yi iya ƙarfinmu, amma duk na kasuwa ne, irinsu ne a ɗakin kowace amarya. Ina so a samu abu guda a ɗakin nan wanda in ta dube shi za ta san hannun babanta ne ya yi shi. Tun tana ƙarama ba ta iya barci cikin duhu, ni ke barin mata fitilar ƙwai a bakin ƙofa in rage lagwani. Shi ya sa na zaɓi fitila.

Abin da na tsara shi ne hula mai fuska shida, kowace fuska faɗin santimita 12, tsayi santimita 28, da filawud mai kaurin milimita 4. A tsakiyar kowace fuska na zana dagi, a sama na jera zankwaye irin na tsofaffin sorayen da ke wajen Ƙofar Soro, a ƙasa kuma 'yan ƙananan tagogi kamar na hasumiyar Gobarau. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. A kan katako ne aka samu matsala.

Cikin kwana biyu na karya bakin zarto bakwai daga cikin goma sha biyun da aka haɗo mani da su. Wani lokaci katakon yana tsalle yana bugun tebur, sai na danne shi da dukkan ƙarfina. In na juya bayan katakon, sai in tarar duk gefen yankan ya ɓantare, ya yi gashi-gashi, har fatar saman tana ɓarewa. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne daren Alhamis. Na yi kusan awa uku a kan fuska guda, na zo layin ƙarshe na dagin, ina gama yankawa sai tsakiyar gaba ɗaya ta faɗo a hannuna, aka bar ni da ƙaton rami. Na zauna na yi shiru na daɗe.

Sannan na gwada haɗa fuska biyu da na yanke gefensu a digiri 45 kamar yadda na ga ana yi wa akwati. Daga waje sun haɗe, daga ciki baki a buɗe, gam ba ya kama komai.

Na ƙarshe kuma mahaifiyar yarinyar ce ta tada shi, ta ce ita katako da wuta a ɗakin ɗiyarta hankalinta bai kwanta ba. Ban iya ba ta amsa ba, don ni ma ban sani ba. Filawud ɗin da ya rage mani bai fi rabin falle ba. Don Allah wanda ya san aikin nan ya taimaka mani kafin in lalata shi.

Tsohon Kafinta, Daura, Litinin, 7:15 na safe

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Jikana ne ke rubuta mani a wayarsa, ni nake faɗa, don haka ka yi haƙuri da tsawon magana.

Shekara 41 na yi ina wannan sana'a. Lokacin da muka koya babu wannan inji a wajenmu, da zarton hannu mai kama da baka muke fitar da ado a jikin kabad da allon gadon amare, hannu guda na ja, guda na juya katako. Injin ya sauƙaƙa ja ne kawai, juyawar tana nan yadda take.

Mu fara da tsallen katako. Ka cire wuta, ka shafa yatsa a jikin bakin zarton daga ƙasa zuwa sama. In an ɗaura shi daidai za ka ji haƙoran suna kama yatsan, don ƙasa ya kamata su kalla. Idan suna kallon ƙasa, kowane yanka danne katakon yake a kan tebur. Idan aka juya su sama, ɗaga shi yake yi, shi ne tsallen da kake gani. Haƙoran ƙanana ne ƙwarai, da fitilar dare ba lalle ido ya gane ba, yatsa ne ke ganewa.

Sai ɗamewa. Ka ɗaure shi, ka taɓa shi da farce kamar tsirkiyar molo. In ya yi ƙara siririya mai tashi, ya ɗamu. In ya yi "dum", sako-sako ne, zai lanƙwashe cikin katako ya karye. In ka tura shi da yatsa daga gefe kada ya kauce fiye da milimita 3. Sabon baki yana saki bayan 'yan mintoci, sai ka tsaya ka ƙara ɗamewa. Kuma kada ka tura katako, Malam, kai dai ka raka shi. Zarton ne ke ci, kai ba shi kake yi a baki kamar mai ba jariri koko. Duk lokacin da ka ga bakin ya lanƙwasa baya, alama ce gaggawarka ta yi yawa. Ka rage gudun injin zuwa rabi. In ka zo kwana mai tsini, ka daina turawa, ka danna yatsa ɗaya kusa da bakin, ka juya katakon a kan yatsan nan. Wani abu da ba a faɗa wa sabon shiga: yawancin bakunan nan suna jan gefe guda, ba sa tafiya sak. Ba laifin hannunka ba ne. Ka ja layi a guntun katako ka bi, za ka ga yadda za ka ɗan karkata.

Ban san irin bakin da aka ba ka ba. Iri biyu ne. Akwai mai 'yar sanda a kowane kai da ake maƙalawa, akwai marar sanda da ake matsewa da noti. Mai sanda yana da kauri, kuma sai ka yi huji kamar na milimita 5 ko 6 kafin kansa ya shiga, to a ƙananan tagoginka hujin kaɗai ya cinye zanen. Marar sanda huji na milimita ɗaya da rabi ya ishe shi. In injinka na ɗaukar marar sanda, ko yana da 'yan ƙarafan da ake ƙara masa don ya ɗauka, ka nemi lamba 3 da lamba 5. Tsawonsu inci 5 ne. In ka samu irin wanda 'yan haƙoransa na can ƙasa suka juya sama, ka saya ko da tsada, don waɗannan haƙoran su ke share bayan katako su hana ɓantarewar da kake kuka da ita. In babu a Katsina, ka ba direba saƙo zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano, ka haɗa shi da karyayyen baki guda ya nuna.

Yanzu abin da zai rage maka rabin wahala. Kada ka yanka fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ka haɗa uku ka ɗora a kan juna, ka sa wani falle na banza a ƙarƙashinsu, ka naɗe gefuna da salatif sosai, ka buga 'yan ƙananan ƙusoshi a wuraren da za a zubar. Ka manna takardar zanen a kan na sama. Yanka biyu, ka gama fuska shida. Siririn katako shi kaɗai yana gudu a bakin zarto, kafin ka ankara ka wuce layi, amma in ya yi kauri sai ya bi ka a hankali. Ɓantarewar kuma ta ƙare a kan fallen banzan da ke ƙasa. Sharaɗi guda: ka sa sukwaya ka tabbatar tebur da bakin zarto sun tsaya daidai, in ba haka ba na sama zai yi kyau, na ƙasa ya fito da siraran layuka.

Maganar dagi kuwa, na ji maka zafi, don ni ma ya taɓa faɗo mani a allon gadon wata amarya ana saura kwana biyu ɗaukar kaya. Dagi igiya ce da ta sarƙe kanta. Mai zane a bango ko mai ɗinkin riga layi yake ja, bango na riƙe da shi. Kai kuwa in ka bi layin da zarto ka zagaye, ka raba tsakiyar da uwar katakon. Ka sake zanen. Ka ɗauki fensir ka baƙanta duk inda haske zai fito, ka bar igiyar dagin fara, faɗinta kada ya gaza milimita 6. Kawunan dagin guda huɗu kowanne ya taɓa jikin firam ya manne da shi, ko ka yi masa 'yar gada. Sannan ka ɗora yatsa a kan kowane farin wuri, ka bi shi ka gani ko za ka kai bakin katako ba tare da ka tsallaka baƙi ba. Duk inda yatsanka ya maƙale, wurin zai faɗo. Ka fara yanka daga ƙananan ramukan tsakiya ka fito waje, manya su zo ƙarshe. In ka cire babban yanki, ka mayar da shi gurbinsa ka manne da salatif, ya tallafi na kusa da shi har ka gama.

Kwana: digiri 45 na mai fuska huɗu ne. Kai malami ne, ka fi ni lissafi. Zagaye 360, ka raba shida, 60, kowane gefe ya ɗauki rabi, 30. Teburin injinka yana karkata, ka sa shi a 30, ka yanka ɗan nesa da layi, sannan ka manna sanfefa a kan shimfiɗaɗɗen katako ka goge gefen har ya miƙe. Amma gefen milimita 4 ba wurin da gam zai dogara da shi ba ne shi kaɗai. Ka yanko zobe biyu masu kusurwa shida daga katako mai kaurin milimita 12, ɗaya ciki ta sama, ɗaya ciki ta ƙasa. Su ne ƙashin bayan hular. Wajen haɗawa ka jera fuskokin shida a tebur gefe da gefe, wajensu na kallon sama, ka bi mahaɗan da salatif, ka juya, ka zuba gam ɗin Top Bond cikin kwarin, ka naɗe su kamar tabarma a jikin zobban. Ka yanko robar tsohon tiyub na keke ka ɗaure, ka bar shi ya kwana.

Maganar wuta na bar wa masu ita.

Mai Wayarin, Sabon Layi, Litinin, 1:05 na rana

Baba ya gama magana a kan katako, Allah ya ƙara girma. Malam, Hajiya tana da gaskiya da ta tambaya, kuma amsar tana da sauƙi in an kiyaye abu uku.

Na farko ƙwan da za a sa. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, ba haske ba. Mai wat 60 in ya yi minti goma ba ka iya taɓa shi. Wannan kada ya shiga hular katako ko kusa. Ka sa LED mai wat 7 zuwa 9, haskensa ya kai na wancan mai 60 ɗin, zafinsa kuwa kaɗan ne. Na yi lissafin awonka: fuska shida masu faɗin santimita 12, daga tsakiya zuwa jikin katako ya ɗan haura santimita 10. In ka cire kaurin ƙwan, tazarar ta kai santimita 7 ta kowane gefe. Ya isa.

Amma ka tuna fitilar nan barin gidanka za ta yi. Wata rana ƙwan zai mutu, a aiki yaro shago, ya dawo da abin da ya samu. Saboda haka ka rubuta da maka a jikin zoben ciki, inda mai canja ƙwai dole ya gani: LED KAWAI, KADA YA WUCE WAT 9. Ka kuma gaya wa amarya da angon baki da baki, in an ɗauke wuta kada wani ya ce bari ya sa kyandir a ciki don ya ga ado. Wannan shi ne abin da na fi tsoro, ba wayarin ba.

Na biyu iska. Kada ka rufe saman. LED ba ya ƙona katako amma gindinsa yana ɗumi, a nan 'yan kayan da ke sarrafa wutar suke, kuma zafi ne ke kashe su da wuri. Ka bar zoben sama a buɗe, ka yi wa hular 'yan ƙafafu kamar santimita 2, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama.

Na uku haɗin wayar. Ka sayi holdar da ake ɗaura ƙwan a ciki kafin ka huda wurinta, ka auna a jikinta, don ta mai murɗawa da ta mai fil biyu ba faɗinsu ɗaya ba. Ka ɗauki ta roba mai kauri ko ta tangaran. In ta ƙarfe ce sai an haɗa mata wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ka raba kanka da wannan. Waya mai laushi mai rai biyu, kaurin 0.75, ta wadatar. Launin ƙasa-ƙasa shi ne mai wuta, shuɗi shi ne marar wuta, a tsohuwar waya kuma ja da baƙi. Makunnin a kan mai wuta ake sa shi. In aka sa a ɗayan, fitila za ta mutu amma holdar na nan da wuta, mai canja ƙwai ya sha ja. Filogi mai baki uku, fis ɗin cikinsa na amfiya 3, ba na 13 da yawanci ake sayar da shi da shi ba. Inda wayar ta ratsa katako ka goge bakin ramin ya yi sulɓi, ka matse wayar daga ciki yadda in yaro ya fizga, katakon ne zai ji, ba notin holdar ba. Kada a murɗa waya biyu a naɗe da salatif a ko'ina a jikinta.

In gidan da za a kai ta suna da sola, akwai ƙwan LED na bolt 12 da ke aiki da batir kai tsaye. Wannan ya fi kwanciyar hankali, kuma fitilar za ta yi amfani a daren da aka fi buƙatarta. Ka tambayi angon. In ka gama ka kawo mani ita shago in duba haɗin, ba sai ka biya komai ba, gudummawata ce.

Ɗan Layout, Litinin, 4:30 na yamma

Malam, ni dai shawarata daban. Mako bakwai ba yawa, ga makaranta, ga hidimar biki. Akwai masu injin leza a Kano, ka tura masu zanen ta WhatsApp, kwamfuta ta yanka maka fuska shidan cikin ƙasa da awa guda, babu kuskure ko na gashi ɗaya. Gefen yana fitowa baƙi saboda ƙuna, amma wasu ma sun fi son haka. Kai sai ka haɗa kawai. Ina tsoron kada filawud ɗin ya ƙare lokaci ma ya ƙare.

Malamin Ƙofar Marusa, Litinin, 8:50 na dare

Na gode ƙanena, kuma na san don kada in ji kunya ka faɗa. Zan riƙe shawararka a matsayin mafita in saura mako biyu ban gama ba. Amma ina so in yi iya yina tukuna, don yankan shi ne kyautar.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina dawowa daga makaranta na shafa bakin da ke jiki, haƙoransa sama suke kallo. Kuma mai sanda ne. Na zazzage kwalin da injin ya zo a ciki, na tarar da 'yan ƙarafa biyu a leda waɗanda ban san amfaninsu ba sai yau.

Uwar Biyu, Filin Samji, Talata, 10:20 na safe

Malam barka da ƙoƙari, Allah ya kai mu lokacin. Ni ban san zarto ba, amma jeren ɗakin amare sana'ata ce, kuma na ga fitilu masu kyau da aka kunna sau ɗaya aka mayar saman kabad saboda suna soka ido.

Ka yanke shawara tun yanzu, me kake so a gani, zanen a jikin bango ko zanen a jikin fitilar? Ba a samun biyun gaba ɗaya. In kana son dagin ya fito a bango da silin, sai ƙwai mai gilashi garau wanda haskensa ke fitowa daga wuri ƙarami, kuma babu abin da za a sa a bayan katakon. Yana da kyau ƙwarai a falo, musamman in fitilar na kusa da bango mai fenti fari. Amma a gefen gado, duk wanda ya kwanta ƙwan zai riƙa leƙo shi ta ramukan. Tunda ka ce don barci ne, ni da zan zaɓa maka, da na sa farin yadi marar kauri daga ciki, a ɗame shi a manne a bayan kowace fuska kafin a haɗa. Inuwar bango za ta dushe, amma katakon zai fito baƙi a kan haske mai laushi, dagin ya tsaya kamar an ɗinka shi. Saman da mai wayarin ya ce a bari a buɗe zai jefa haske silin, ɗakin ba zai yi duhu ba.

Ka dubi kwalin ƙwan. In an rubuta 6500K, farin nan ne mai kama da na asibiti, yana kashe launin katako. Ka nemi 2700K ko 3000K, mai ruwan zuma, shi ne ya fi kusa da fitilar ƙwan da kake bar mata.

Sai kuma yawan ado. Dagi shida da zankwaye da tagogi duk a wuri guda, ido ba zai san inda zai sauka ba. Ko a ɗinkin babbar riga akwai inda ake bari fili. Ka sa dagi a fuska uku, sauran ukun ka bar su da tagogin Gobarau kaɗai, ana tsallake ɗaya. Tunda Baba ya ce uku-uku ake yankawa, ka ga lissafin ya zo daidai. Fuskar da ba ta da ramuka da yawa ita za a juya wajen matashin kai.

Baba ya ce ka bar igiyar dagin a haɗe, to ta yaya za a gane inda ta hau da inda ta shige ƙasa? Kakata mai zanen ƙwarya ce, da ɗan ƙarfe mai kaifi take sawa a garwashi ta ja layi. Ka yi haka a kowace mahaɗa, gajerun layuka biyu, sarƙewar za ta fito ko da rana fitila na kashe.

Ranar kai kaya kada ka bari a jefa ta cikin mota tare da tukwane. Ka sa ta a kwali da tsumma, ka danƙa a hannun mahaifiyarta ko gwaggonta.

Malamin Ƙofar Marusa, bayan kwana goma sha shida, Alhamis, 10:05 na dare

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani, don bai kamata ku yi mani wannan hidima in yi shiru ba.

Bakunan sun iso daga Kano ranar Asabar ta farko, marasa sanda, lamba 5, masu juyayyun haƙora a ƙasa. Na sake zanen kamar yadda Baba ya ce, na baƙanta ramuka, na bi farin da yatsa, na kama wuri biyu da da sun faɗo. Na bi shawarar Hajiya Uwar Biyu, dagi uku, tagogi uku. Fuskokin dagi ramuka 23 ne, kowane rami sai na kwance bakin ta sama, na zura shi cikin huji, na ɗaure, na ɗame, na saurari ƙararsa. Da farko wannan kwance-ɗaure ya fi yankan cin lokaci, zuwa dare na uku hannuna ya saba. Bayan sallar isha'i nake zama a zaure, in akwai wuta da ita, in babu da ƙaramin janareta, injin ba ya ja da yawa. Na ɗaura takunkumi saboda ƙurar tana da laushi, tana shiga maƙogwaro. Baki biyu kawai na karya a duk aikin, duka biyun a wurin da na tura da ƙarfi don ina ganin ƙarshen layi.

Da na kwance salatif na raba fallayen, fallen banzan da ke ƙasa ya ɓantare kamar yadda nawa suke yi a da, ukun da ke samansa kuwa bayansu sumul. A ɗaya daga ciki gada guda ta tsage, saboda akwai rami a cikin filawud ɗin kansa a daidai wurin. Na kwaɓa gam da garin katako na cike, na ɗora siririn ɓawon katako ta baya. In ba an nuna maka ba, ba za ka gani ba. Layukan ƙuna na yi su da tsohon sukundireba da na wasa bakinsa, a gawayin shayi. Na gwada a guntaye har sau goma kafin in taɓa na gaske.

Naɗewar nan kamar tabarma, Baba, ban yarda za ta yi ba sai da na ga gefe na shida ya zo ya sumbaci na farko babu ko tazarar da takarda za ta shiga. Na ɗaure da robar tiyub, na kasa barci, asuba na fara zuwa duba ta kafin masallaci.

Jiya na kai wa mai wayarin, ya canja mani fis, ya gyara matsin wayar, ya ƙi karɓar ko kuɗin fis ɗin. Allah ya biya shi. Da dare na kunna ta a ɗakin mahaifiyar yarinyar da ƙwai mai wat 9, 3000K, muka bar ta awa uku. Ita da kanta ta sa bayan hannu a jikin katakon ta ciki da ta waje, ta ce ko ɗumin kofin shayi bai kai ba. Ta zauna bakin gado tana kallon dagin, can ta ce in rufe da zane in ɓoye a saman kabad ɗina kada yarinyar ta gani kafin ranar.

Saura abu guda. Ban shafa mata komai ba tukuna, katakon fari ne yadda yake, kuma yadin yana manne a ciki. Na sayi ƙaramin gwangwanin banish. In shafa ta waje kawai ya isa? Kuma kwana nawa zan jira kafin in sake kunnawa?

Tsohon Kafinta, Daura, Juma'a, 6:50 na safe

Madalla, Malam. Jikana ya karanta mani har sau biyu.

Waje kaɗai ba zai yi ba. Yanzu bazara ce, katakon a bushe yake. Damina na sauka, fuskar da ba a shafa ba za ta sha laima, wadda aka shafa ba za ta sha ba, sai ya bankare. Da kafin haɗawa ka shafa, da ya fi sauƙi, laifina ne da ban faɗa ba. Amma ba a makara ba. Ka ɓare yadin a hankali, yadi ba tsada. Ka goge da sanfefa mai laushi, lamba 220, ka naɗe 'yar guntuwa a jikin tsinke ka bi cikin ramukan. Ka sirka banish ɗin da abin sirki da aka rubuta a gwangwaninsa, ya yi ruwa-ruwa, in ya yi kauri zai taru a kusurwoyin dagin ya daskare kamar ƙaro. Ƙaramin buroshi irin na 'yan makaranta shi zai shiga ramukan. Ciki shafa ɗaya, waje biyu, tsakaninsu kwana guda da gogewa sama-sama. A inuwa za ta bushe, cikin ɗaki a rufe saboda ƙura, kada ka kai ta rana. Ka ba ta kwana uku, in ka sa hanci ba ka ji wari ba, ka manna sabon yadi ka kunna.

In ka zo Daura wata rana ka taho mani da hotonta a kunne.